Ga mai tambaya kan digiri na uku a ƙididdigar zazzaɓin cizon sauro

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ka ce kana son yin digiri na uku kan hasashen yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro a nan Kebbi, kuma malamin da zai duba aikinka ya ce ka rubuta tsarin binciken kawai, alƙaluma "za a samu". Wallahi wannan "za a samu" ce ta ci min shekarun da ba za su dawo ba. Don Allah kada ka kai takenka gaban kwamiti sai alƙaluman suna cikin kwamfutarka, da takardar izini mai sa hannu da hatimi a aljihunka.

Ni a kan sanƙarau na yi, annobar 2017, nau'in C, wadda ta taso daga Zurmi a Zamfara ta bazu har Sakkwato da Katsina da nan wajenmu. Akwai wani bawan Allah da jerin sunayen marasa lafiya ke hannunsa. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, har gidansa na ci tuwo. Ya ce in gyara masa jerin tukuna, izini kuma ya ɗauke min. Ƙanena, ka ga jerin nan kuwa? Ƙauye ɗaya an rubuta sunansa kala uku. Jaririn wata tara an sa shi ɗan shekara tara. Wani an rubuta ya rasu kafin ranar da ciwon ya kama shi, don an juya rana da wata. Layi-layi na bi, cikin zafin Afrilu, ba wuta, ina sayen fetur a galan daga albashin da yara ke jira. Na haɗa taswira, na lissafa makon da kowace ƙaramar hukuma ta haye mizanin annoba, wato mutum 10 cikin 100,000 a mako guda. Da na miƙa masa, sai waya ta daina shiga. In na je a ce ya fita taro. Daga baya ya aiko da saƙo wai na sama sun hana. Ana nan sai wani abokina ya turo min wata maƙala a mujalla, ga taswirata, har launin da na zaɓa, sunaye jere amma babu nawa ko a wajen godiya. A cikin mota na karanta, a bakin makarantar yarana, na kasa tayar da ita har mai gadi ya zo yana tambaya ko lafiya. Mutumin nan har yau muna haɗuwa a ɗaurin aure, yana miƙo min hannu yana murmushi. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba. Saboda haka ku rubuta tun farko wa zai shiga maƙala, kuma a wane matsayi, ko da ɗan'uwanka ne.

Kai ma ka fi ni sa'a. Alƙaluman binciken NDHS, wato binciken lafiyar jama'a na ƙasa da ake bi gida-gida, na 2018 da na binciken maleriya na 2021 kyauta ake bayar da su in ka nema da bayanin aikinka, kuma duka biyun Kebbi ce kan gaba a ƙasar nan: kashi 52 sannan kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yara an ga ƙwayar cutar a jininsu. Sai dai ka sani ana ɗan gusar da wurin kowane rukunin gidaje a taswira don sirri, kada ka ce za ka auna tazarar gida da fadamar Argungu da su.

Alƙaluman DHIS2 kuwa, wato manhajar da ake tara rahotannin asibitoci a ciki, ka yi hattara da sifili. Wani sifilin babu mara lafiya ne, wani kuma kayan gwaji ne suka ƙare, ko ma'aikacin ya bar garin saboda ɓarayin daji. Yawan jama'ar da za ka raba da shi ma hasashe ne daga ƙidayar 2006. Ga maganin rigakafi da ake raba wa yara wata-wata da damina, ga allurar rigakafin maleriya ta R21 da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. In lissafinka bai san da su ba, zai jingina sauƙin da aka samu ga ruwan sama.

Ka riƙe manhajar R ta ƙididdiga da QGIS ta zana taswira, ba a biyan ko kwabo. Kada ɗokin sababbin dabarun kwamfuta ya ɗebe ka alhali ba ka taɓa zama kusa da mai cike rijista a asibitin ƙauye ba. Je ka Yawuri ko Jega ka wuni da shi, ka ga yadda yake rubutu ga layin uwaye har waje.

Kuma ka sayi ɗan sola kafin komai. Ka zaunar da iyalinka ka gaya musu gaskiyar abin da ke tafe, ni mai ɗakina ta sha wahalar da ba da ita aka ƙulla ba. In kana koyarwa ka bi layin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, tun yanzu. Tsarin binciken naka kuma turo min ta akwatin sirri in duba kafin ka kai wa malamin.