Tambaya da Amsa: Aikin Sa Kai a Bikin Ingal

Tambaya: Malam, ina so in je bikin Cure Salée, taron makiyaya na shekara-shekara, in ji kiɗan tende na Buzaye, in kuma taimaka da aikin sa kai. Ta ina zan fara? Daga wani matashi a unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Ɗan'uwa, a watan Satumba ake bikin a Ingal, jihar Agadas, amma shiri tun Yuli ne. Je reshen ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge na Maradi ka yi rajista, ka samu horon agajin gaggawa. Wanda ya faɗo ba takarda, kallo kawai zai yi. Allurar rigakafin dabbobi aikin likitocinsu ne; naka tsara layi, rubuta sunaye, da tafinta in kana jin Fulatanci ko Buzanci.

Ka bi ta Tawa da Abalak, da rana, katin ɗan ƙasa a aljihu, bayan ka tambayi jandarma halin hanya.

Ruwa shi ne babbar magana. Na Ingal gishiri gare shi, yana sa baƙo zawo. Tanadi lita 5 kowace rana, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. Ɗauki gidan sauro, ƙarshen damina ne.

Aiki da safe, kallo da yamma. Kada ka ɗauki hoton Fulanin Woɗaɓe sai da izininsu.