Amsa ga ɗana a kan tsiron kvann

Ɗana, tambayarka ta sa ni murmushi, daga baya kuma ta hana ni sukuni. Ka ce abokan karatunka a birnin Tromso na ƙasar Norway sun ba ka karan kvann, wato wani tsiron daji mai ƙamshi, ka ci ya yi maka daɗi, yanzu kana so ka san ko al'adar mutanen Norway ta yarda baƙo ya hau dutse shi kaɗai ya yanko, tunda wayarka tana gane tsiro daga hoto.

Lokacin da nake karatu a ƙasar, tsohuwar da nake zaune a gidanta a yankin Voss ta ɗauke ni wata rana a farkon lokacin zafinsu, muka bi gefen wani rafi mai ruwan ƙanƙara har inda tsiron yake fitowa. Ta wuce waɗanda suka riga suka buɗe fure, wasunsu sun kai tsawon mutum, ta ce karansu ya tsufa ya yi ɗaci. Sai da ta sami wanda furensa ke dunƙule, sannan ta durƙusa ta yanke shi da ƙaramar wuƙa, ta ɓare bawonsa a hankali ta miƙo mini. Ƙamshinsa ya cika mini hanci tun kafin in kai baki, ɗanɗanonsa kuma zaƙi ne mai ɗan ɗaci a ƙarshe. Saiwar ba ta taɓa ta ba, domin kakarta ta koya mata cewa wannan tsiro sau ɗaya yake fure a rayuwarsa, ya zubar da iri ya mutu, don haka wanda ya kwashe duka, jikokinsa ya cuta. A hanyar dawowa ta ba ni labarin cewa tsohuwar dokar Gulating, wato majalisar yammacin Norway ta zamanin da, ta hukunta mai satar kvann daga lambun wani, kuma mutanen Sami na can arewa suna haɗa shi da nonon barewarsu, har sarewa suke yi da karansa.

Dokar ƙasar ta shekarar 1957 ta ba kowa damar yawo da tsinka a dajin da ba gona ba, wannan gaskiya ne. Amma mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, yakan ce kama da wane ba wane ba ce. Akwai selsnepe, ɗan'uwan kvann mai fitowa a bakin ruwa, wanda gubarsa ke kisa. A cikin garin da kake ma akwai tromsopalme, wanda ruwansa ke ƙona fata idan rana ta buge shi.

Abin da ke damuna da ku yaran yanzu shi ne kun fi yarda da waya a kan tsohon da ya girma a wurin, alhali baƙo makahon gari ne. Ka tambayi abokan nan naka ko a cikinsu akwai mai kaka a ƙauye, ka roƙa a kai ka wurinta kafin tsiron ya buɗe fure.