Madubin bindiga don harbin nesa: wanne zan saya, kuma ya ake ɗaura shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, aiki ne ya kawo ni, abokan aikina suka riƙa ja na filin koyon harbi har abin ya shiga raina. Yanzu na mallaki bindiga mai cin harsashin 6.5 Creedmoor bisa ƙa'idar nan, ina so in fara harbin farantin ƙarfe daga yadi 600 zuwa 1000. Na ware kamar dala 1000 don madubi. Na ga wani mai araha da yake jawo abu har sau 50, in saya? Sannan wannan MOA da MIL ɗin duk sun rikita ni, kuma ban san yadda ake ɗaurawa ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Toh wancan mai sau 50 ɗin dai ka bar musu kayansu, ka riƙe kuɗinka. Kusan duk sabon shiga nan yake fara faɗawa, gani yake in madubi ya jawo masa faranti kusa kamar ya miƙa hannu ya taɓa to magana ta ƙare, alhali jawowa ita ce abu mafi sauƙin ƙerawa a jikin madubi, shi ya sa masu araha suke cika baki da ita. Kai da kake Texas ma ai zafin rana kaɗai ya ishe ka hujja. Da hantsi ya dubi ludayi ƙasa ta fara ɗaukar zafi kawalwalniya za ta taso, in ka murɗa madubi zuwa sau 25 ko sama sai ka ga farantin yana rawa kamar ana kallonsa ta cikin ruwa, dole ka dawo sau 15 ko 18. Ga duhu kuma, don hasken da ke isowa idonka faɗin gilashin gaba ne a raba da yawan jawowa, gilashi mai milimita 50 a sau 50 milimita 1 kacal ya rage maka, ɗan motsi kaɗan da kai hoton ya ɓace. Masu gasar harbin nesa ta PRS, wadda aka fara a Amurka a 2012, yawancinsu madubin da ke tsakanin sau 5 zuwa 25 ko kusa da haka suke ɗaurawa, kuma ko shi ba kasafai suke ƙure shi ba. Waɗanda suke buƙatar sau 40 zuwa sama su ne 'yan F-Class da suke kwanciya wuri ɗaya suna harbin takarda, nasu salon daban ne.

Abin da kuɗinka ya kamata ya saya shi ne gaskiyar makunnin sama. Wannan abin murɗawa da ke saman madubi, wanda kake jin yana ƙas ƙas, shi ne ran harbin nesa. Harsashi tun da ya bar bakin bindiga faɗuwa yake, naka 6.5 Creedmoor ɗin, wanda kamfanin Hornady ya fito da shi a 2007, kafin ya kai yadi 1000 zai nemi ka ɗaga kusan mil 9 (MIL ɗin da ka tambaya, awon kusurwa, ba mil na tafiya ba), ya danganta da nauyin harsashin da gudunsa da yanayin iska a ranar. Mil 9 a wannan nisa yadi 9 ke nan fa, tsayin bene mai hawa biyu har da ɗoriya. To in ka murɗa 9 madubin ya ba ka 8.7, ko ka dawo sifili ya ƙi dawowa inda yake, wallahi ko gilashinsa ya fi ruwan ƙorama haske ba abin da zai tsinana maka.

MOA da MIL kuwa kar su ɗaga maka hankali, duk awon kusurwa ne, kamar mudu da tiya, kowa da wanda ya saba. Mil ɗaya shi ne kashi 1 cikin 1000 na nisan da kake harbi, wato yadi 1 a yadi 1000, inci 3.6 a yadi 100, kuma kowane ƙas ɗaya 0.1 ne. MOA ɗaya kuma inci 1.047 ne a yadi 100, ƙas ɗinsa galibi rubu'i ne, mil ɗaya daidai yake da MOA 3.44. Ni dai MIL nake ba mutane shawara saboda lissafin goma goma ne, cewa 8.9 ya fi cewa 30 da rabi sauƙi a baki da ƙwaƙwalwa, amma ka fara tambayar abokan nan naka da me suke aiki, don su ne za su tsaya bayanka suna cewa ƙara 0.3 hagu, in yarenku bai zo ɗaya ba kun shiga uku. Sharaɗi ɗaya ne ba na sassautawa a kai, zanen cikin madubi, wato layukan saiti da kake gani in ka leƙa, da makunni su zama awo ɗaya, MIL da MIL ko MOA da MOA. Akwai tsofaffin madubai masu zanen mil da makunnin MOA, ko kyauta aka ba ka ka yi godiya ka wuce.

Sai batun FFP da SFP, wato iri biyu na yadda ake sa zanen nan a cikin madubi. A FFP zanen yana girma yana ƙanƙancewa tare da hoton, saboda haka layukan awonsa gaskiya suke faɗa a kowane mataki na jawowa. A SFP zanen girmansa ɗaya kullum, awonsa yana daidai ne a mataki ɗaya tak, galibi na ƙarshe. Tunda na riga na gaya maka kawalwalniya za ta tilasta maka rage jawowa, kaga amsar ta fito da kanta, FFP. A kuɗin da ka ware za ka samu irin su Vortex Viper PST Gen II 5-25x50, akwai kuma na Athlon, su Nightforce da Schmidt & Bender da Kahles kuwa sai aljihu ya yi nauyi. Amma ka cire kuɗin zobban da ke riƙe madubi a kan bindiga da ɗan ma'aunin daidaito mai kumfa daga ciki tun yanzu, madubin dala 850 a kan zobba nagari ya fi na 1000 a kan zobban gwangwani.

Kafin ka biya ka duba iyakar tafiyar makunnin a takardar madubin. A ce an rubuta mil 20 gaba ɗaya, to rabi ne naka, 10 sama 10 ƙasa, saitin farko zai ɗan ci wani abu, kai kuma kana neman 9, kaga kana bakin gaɓa ke nan. Maganin shi ne dogon ƙarfen da ake ɗaura zobba a kai, wanda ake kira Picatinny, ka sayi mai gangaren MOA 20, zai ƙara maka kusan mil 5.8 na ɗagawa. Kaurin bututun madubi, milimita 30 ko 34, amfaninsa ke nan shi ma, sarari ne na tafiyar makunni, mutane suna cewa yana ƙara haske amma ba nan aikinsa yake ba. Ka dai tabbatar zobban da ka saya kaurinsu ɗaya da bututun.

Yanzu ɗaurawa. Farko ka cire magazin, ka zare sakatar bindigar, ka leƙa da idonka ka tabbatar ba harsashi, ko da kai ka ajiye ta jiya. Ɗora madubin a zobba kar ka matse, murɗa shi zuwa ƙarshen jawowa, ka kwanta yadda za ka riƙa harbi, rufe ido ka ɗora kunci a kan kotar yadda ya yi maka daɗi sannan ka buɗe. Madubin za ka ja gaba ko baya har hoton ya cika ba baƙin zobe a gefe, kar ka miƙa wuya kana bin sa. Tazarar ido da gilashi wajen inci 3 da rabi ce, wanda ya matsa kusa da yawa bindiga in ta yi tokari baya sai ta yi masa tsaga a gira.

Daga nan ka rataya igiya mai nauyi a ƙasa irin ta magina a ɗan nesa, ka daidaita bindigar, ka juya madubin har layin tsaye na zanen ya kwanta a kan igiyar. Mutane suna raina wannan mataki amma ga lissafi, in ka ɗaga mil 9 bindiga ta karkace digiri 3 kawai, wanda ido ba ya ma lura, harsashi zai kauce gefe kusan inci 17 a yadi 1000, kai kuma ka zauna kana zagin iska. Shi ya sa ake maƙala kumfar nan a jikin madubi ana kallonta kafin a taɓa kunama. Matse sukurorin da sifana mai auna ƙarfi, kaɗan kaɗan ana tsallakawa kusurwa zuwa kusurwa, na saman zobba galibi inci-fam 15 zuwa 18 ne amma abin da maƙerin ya rubuta shi za ka bi. Ni na taɓa matse nawa da ƙarfin tuwo lokacin ina sabon shiga, makunnin gefe ya riƙa cijewa, na yi sati biyu ina tsine wa madubin ashe ni na shaƙe shi.

Zoben da ke kusa da ido na gyara kaifin zanen ne kawai, kalli sararin sama nesa da rana, leƙe ɗaya ɗaya na daƙiƙa biyu, ka juya har zanen ya fito tas, shike nan kar ka sake taɓa shi. Makunnin hagu kuma na faralaks ne, wato na hana zanen yawo a kan faranti in idonka ya motsa, kar ka yarda da lambobin jikinsa, ajiye bindigar a kan jaka ka ɗan gyaɗa kai, in zanen yana yawo a kan faranti ci gaba da juyawa har ya tsaya cak.

Saitin sifili, wato daidaita madubi har harsashi ya riƙa sauka daidai inda zanen ya nuna, a yadi 100 ake yi. Leƙa ta cikin bututun bindigar ka sa takardar a tsakiya, ka kawo zanen kanta, harba 5, auna daga tsakiyar tarin da zanen madubin ka gyara, kar ka bi harsashi ɗaya ɗaya. In ya zauna ka mayar da makunni kan 0.

Sai gwajin da zai gaya maka ko kuɗinka sun ci. Samo dogon kwali, ja layi a tsaye da igiyar nan, ɗiga alama a ƙasa, ka auna yadi 100 da tef da hannunka don wani filin nisan da ya rubuta ba cikakke ba ne. Harba 3 a alamar, murɗa mil 10 sama, ka ci gaba da saita alamar ƙasan ka ƙara 3. Tsakanin tarin biyu ya kamata ya zama inci 36 cif, kuma na saman ya zauna a kan layin. In ka samu 35 to madubin yana cin ka kusan kashi 3 cikin 100, wajen inci 9 ke nan a yadi 1000, in kullum haka yake ba sauyi za ka iya shigar da gyaran a manhajar lissafin harsashi ka ci gaba da harkarka. In kuwa yau 35 gobe 37, ko ka dawo 0 harsashi ya sauka wani wuri, duba sukurori tukuna, in suna nan daram to mayar musu da abinsu tun rasit bai ɓace ba.