Naman kaza na daji: amsar wasiƙun masu kiwo

Wata Hajiya daga unguwar Asawase a Kumasi ta ce ta sayo naman kaza na suri a kasuwar Kejetia, mai doguwar jijiyar nan, ta binne gindinsa a bayan gida tana ta ban ruwa, shiru. Hajiya, ki huta da ɗibar ruwa. Wannan irin gara ce ke noma shi a cikin shurinta, tana tauna masa ciyawa da itace, shi kuma yana ciyar da ita. Har yau ba a samu mai noma shi don kasuwa ba tare da garar ba. Ki saya idan ruwan farko ya sauka, ki shanya, ki adana a kwalba mai murfi.

Wani ɗalibi daga Aboabo ya tsinci naman kazan da ake kira domo a jikin ruɓaɓɓen kututturen kwakwar manja, yana so ya riƙe irinsa. Wannan mai yiwuwa ne. Ka zaɓi ƙarami wanda bai buɗe lema ba. Ka dafa dankalin Turawa giram 200 a lita ɗaya ta ruwa, ka tace, ka zuba gulukos giram 20 da garin aga (mai daskarar da ruwa) giram 20, ka rarraba a kwalabe, ka toshe da auduga, sannan tukunyar furesha minti 20. Idan ya huce ya daskare, ka tsaga naman kazan da hannu, ka ɗebo ɗan tsokar ciki da reza da ka ƙona a wuta, ka jefa. Cikin mako guda za ka ga farin zare ya bazu. Daga nan sai ka mayar da shi kan dafaffiyar dawa.

Amma ka ji wannan da kyau, ɗana: kada ka sa domo a firij. Sanyi kashe shi yake. Nau'in oista ne ke jure firij na watanni. Domo sai a ɗaki, kana sabunta masa kwalba duk bayan wata biyu ko uku.

Sai Alhaji daga Sawaba, wanda ledojin da yake noma naman kaza a ciki suka yi kore, ya sayi maganin feshin koko ya fesa, yanzu yana tambaya ko ya ƙara wani mai ƙarfi. Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, amma wannan tambayar ta ishe ni. Maganin da aka yi don kashe fumfuna kake fesa wa naman kaza, alhali shi ma dangin fumfunar ne! Kamar mai korar ɓera ne ya cinna wa rumbu wuta. Ga asarar kuɗi, ga guba a abin da iyali za su ci.

Koren nan sunansa Tirikodama. Da fari yake farawa, har ka ɗauka irinka ne ya kama, kwana biyu sai ya rikiɗe. Da zarar ka ga kore, ya riga ya zubar da ƙurarsa, wato ƙwayoyin irinsa, kuma ita ce ke bin iska da hannu da riga zuwa sauran ledoji. Inda yake shigowa sananne ne. An ɗebo garin katako daga Sokoban, wurin masu aikin katako, an cusa a leda ba a bari ya ruɓa ba, alhali garin katakon itacen wawa na son kusan mako huɗu ana juya shi. Ko an cika dusar shinkafa don a samu yabanya, ta wuce kashi 10 cikin 100. Ko ruwa ya yi yawa: ka damƙi garin, in ya ɗiga ta tsakanin yatsu, ya wuce kima. Mafi yawa kuwa rowar itace ce. Turara ledoji a durom awa uku ne daga lokacin da tururi ya tashi, ba daga lokacin da aka hura wuta ba. Ledar da ta yi kore, kada ka buɗe ta a ɗaki. Ka fitar da ita nesa ka binne, ka wanke katakan da bilic. In kana shakkar irin da aka sayar maka, Cibiyar Binciken Abinci ta CSIR (hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta Ghana) a Akara tana harkar irin naman kaza tun wajen 1990.

Mai tambaya ko cokalin azurfa na baƙi idan an dafa shi da mai guba: ƙarya ce, kuma cin da dodon koɗi ya yi masa ba shaida ba ce. Ka kifa lemar a kan farar takarda ta kwana. Ƙurar domo jaja-jaja ce. In ka ga kore-kore, ko fara daga mai jaka a gindi, kada ya shiga tukunya.