Hanyar yanke a Dutsen Nur

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina zaune a Makka, wajen Shara Mansur. Ƙannena biyu za su zo Umara daga Kano, sun matsa sai an kai su Kogon Hira da ke saman Dutsen Nur. Wani maƙwabcinmu ya ce akwai hanyar yanke ta gefen dutsen, ba cunkoso, ba sai an bi matakala ba. In bar su su bi ta can?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Kada ki bari, ko da wasa.

Dutsen Nur ya kai kusan mita 640, kuma daga ƙasa ido yana ruɗin mutum. Sai ki ga kamar taku kaɗan ne, alhali ko ta matakala mai lafiya yakan yi awa guda yana hawa. Gefen da ba a gyara ba tsakuwa ce zube a kan dutse mai santsi. Hawa da sauƙi, tunda hannu yana taimakon ƙafa. Saukowa ce masifar: gwiwa ta gaji, mutum ba ya ganin inda zai dasa ƙafa, tsakuwa tana gudu a ƙarƙashinsa.

Na gani da idona. Wata shekara na raka baƙi bayan sallar Asuba, wani saurayi a cikinmu ya gaji da bin bayan tsofaffi, ya ratse. Silifas ne a ƙafarsa. Muna jin ihunsa, ba ma ganinsa, wani ƙaton dutse ya kare shi. Da muka isa, ɗayan silifas ɗin ya tsinke, idon sawunsa ya kumbura kamar tulu, gorar ruwansa ta gangara can ƙasa. Na kira masu agaji, suka ce a ina yake? Wallahi na rasa yadda zan kwatanta. Da a kan matakala ya faɗi, mutum huɗu sun isa su sauko da shi. Mu sai dab da Azahar muka taka ƙasa, rana ta gasa mu, a garin da zafin bazara kan wuce digiri 45.

Cunkoson da maƙwabcinki yake gudu, shi ne rufin asirinsu. Inda jama'a suke, nan ake samun mai ba da ruwa, mai riƙe hannu. Birai ma da ke yawo a dutsen suna fizgar leda, wanda ya keɓe shi kaɗai ya fi shan wahalarsu.

Su hau da sanyin safiya, da takalmi sau-ciki, kowa da ruwansa da cajin waya. Ki sa musu lambar neman agajin gaggawa 911 da 997 ta motar asibiti a wayoyinsu. Ki kuma tuna musu, cikin lalama, hawan nan ba ya cikin ayyukan Umara ko Hajji. Wanda numfashi ya yi wa nauyi a tsakiyar hanya ya zauna ya huta, ya juyo ta inda ya hau.

Allah ya kawo su lafiya, ya karɓi ibada.