Tambaya da Amsa: Wai ina amfanin zaɓen kansila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a warware min wannan. A ƙauyenmu duk ranar zaɓen kansila da ciyaman sai mu bar gona mu kafa layi tun safe, wani lokacin kayan zaɓe ba sa isowa sai bayan azahar, amma kafin dare an faɗi wanda ya ci kuma kullum ɗan jam'iyyar gwamna ne. Wai INEC ba ta ganin abin da ake ne? Kuma akwai amfanin mu ci gaba da fita?
Mai karatu daga karkara

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko dai ka cire INEC a maganar nan, ita ƙananan hukumomi 6 na Abuja kaɗai take yi wa zaɓen kansila da ciyaman. Sauran duk aikin hukumar zaɓe ta jiha ne, irin su KANSIEC a Kano, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninta majalisar jiha ta amince, to ka ga ai an gama magana. A watan Oktoban 2024 NNPP ta kwashe ciyamomi 44 da kansiloli 484 a Kano, a Kaduna kuwa APC ce ta cinye duka ciyamomi 23. Ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, duk kanwar ja ce.

Amma ban yarda ku zauna a gida ba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon ɗora kantoma a madadin zaɓaɓɓu, duk da dai aiwatarwar tana ta jan ƙafa.

Inda kuke makara shi ne wajen tsayar da ɗan takara, ana zama cikin dare a gidan wani jigo a ce an yi maslaha, ku kuma sai dai ku ga fasta a bango. To ku yanki katin jam'iyya, ku riƙa zuwa taron mazaɓa, ku haɗa kai da ƙungiyar manoma da matasa da mata ku ce ga wanda kuke so tun kafin fidda gwani. Kansila fa ba Abuja yake ba, tare kuke sallar Juma'a, in famfon burtsatse ya lalace ko rufin firamare ya yaye ku je masa a ƙungiyance da takarda a rubuce, ku ajiye kwafi, ku kai ɗaya ofishin ciyaman.