Shafin kiwo da bidiyon mutane: Alhaji, ragon ba naka ba ne

Tambayar wannan makon daga Kasuwar Kara ta Sakkwato ta fito, wajen wani Alhaji mai sayar da abincin dabbobi: dusa, harawa, ƙowa, kanwa da gishirin lasa. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Malam, ɗan ƙanena da ke karatu a jami'ar Danfodiyo ya zo min da shawara. Wai in ba shi kuɗi ya buɗe min shafin intanet na kiwon raguna zalla, ya tattaro bidiyoyin da mutane suka ɗora a YouTube kan turka da magani da haɗa abinci, ya jera su, a sa tallan Google, dala ta riƙa shigowa muna kwance. Tsorona biyu ne: kada in ci haƙƙin wani, kada kuma in zuba kuɗina a rijiya. Mi kag gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yaron nan bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ji ya rugo gida. Zaɓen da ya yi na tsayawa kan abu ɗaya, wato kiwo, daidai ne. Inda lissafinsa ya karkace shi ne wajen tunanin cewa kayan wasu ne za su ciyar da shafin.

Mu fara da haƙƙi, tunda shi ka fara ambata. Hanya biyu ce ake sa bidiyon wani a shafi, kuma tsakaninsu akwai tafiyar kwana da kwanaki. Ta farko, YouTube da kansa ya tanadi wani ɗan layin rubutu a ƙarƙashin bidiyo, a kwafe shi a liƙa a shafinka, sai bidiyon ya bayyana a wurinka alhali yana nan zaune a gidansa na asali. Kamar taga ce ka buɗe, mutane suna hango ragon maƙwabci daga zaurenka. Wannan maƙalawar ƙa'idojin YouTube sun yarda da ita, kuma mai bidiyon yana da ikon rufe tagar duk ranar da ya so. Ta biyu ita ce a sauke bidiyon a waya, a yanke sunan mai shi, a sake ɗora shi kamar naka. Wannan kwance rago ne daga turken mutum, ko da an shafa masa wani lalle.

Nijeriya tana da sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988. Abin da ya shafe ka a cikinta shi ne ta shigo da harkar intanet sosai. Mai haƙƙi zai iya aika takardar ƙorafi ga kamfanin da ke ajiye maka shafi ya nemi a cire kayansa, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa tana da hurumin sa a toshe shafin da ya zama matattarar kayan sata. Idan kuma ma'ajiyar shafin a Amurka take, kamar yadda da yawa suke, dokarsu ta 1998 ma tana aiki a kan kamfanin, kuma ba su da dogon haƙuri da wanda ƙorafi ya yi yawa a kansa.

Akwai wani lungu da yara ba sa lura da shi. Ba duk wanda ya ɗora bidiyo ne mai shi ba. Za ka ga shirin gidan talabijin ko lacca ta wani likitan dabbobi a tashar wani yaro da ya kwaso ta ba izini. In ka maƙala irin wannan kana sane, ka zama mai baje kayan da aka sato, kuma kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da ake cewa game da wanda aka ga kayan sata a rumfarsa. A duba tushe kafin a ɗauka: tashar ta mai aikin ce ko ta 'yan kwashe-kwashe?

To, yanzu kuɗi, kuma a nan ne zan ɓata wa ɗanka rai.

Tallan da ke fitowa a cikin bidiyon da ka maƙala, ko sisi ba naka. Tsakanin mai tashar ne da YouTube, inda mai tasha ke ɗaukar kashi 55 cikin 100 a dogayen bidiyoyi. Kai dai ka kawo masa 'yan kallo ne kyauta. A Kara ko dillali yana da la'ada, a nan babu. Abin da ya rage maka shi ne tallan da za ka jera a gefen bidiyon, shi ma ƙa'idojin YouTube sun hana sayar da talla a shafin da bidiyoyinsu ne kaɗai a ciki, ko su ne babban abin da ke janyo mutane. Shi kuma AdSense, wato sashen Google mai biyan masu shafuka, kafin ya karɓe ka sai ya duba ko akwai abin da kai ka ƙirƙira. Shafin da aka cika da bidiyon wasu ba tare da wani ƙarin bayani mai amfani ba yana cikin irin waɗanda suke mayarwa.

Ga kuma wadda ta fi zafi, wadda na tabbata yaron bai bincika ba. AdSense yana da jerin harsunan da ya amince a sa tallansa a shafukansu. Akwai Turanci, akwai Larabci, akwai Faransanci. Babu Hausa. Makiyayin Achida ko Illela ko Wurno da kake son ya karanta shafin, da Hausa zai karanta. In kun rubuta da Turanci don Google ya yarda, kun rasa mutanenku. In kun rubuta da Hausa, kun rasa tallan Google. Na san akwai masu dabarar cusa rubutun Turanci don a amince da su sannan su juya, amma ranar da aka gano, asusun ake rufewa, wani lokaci har da abin da ya taru a ciki.

Ko da an yarda da ku, mai talla yana biya ne gwargwadon aljihun mai kallo, kuma abin da ake biya kan ɗan Nijeriya bai kama ƙafar na ɗan Amurka ko Ingila ba. Sai kuɗin ya kai dala 100 ake turo shi. Kafin nan, da ya kai dala 10, za su aiko da wasiƙa ta gidan waya mai ɗauke da lambar tantance adireshi, wadda ta sa samari da yawa sintiri. Sannan in ba a shiga an toshe ba, tallan neman mata zai iya bayyana a ƙarƙashin sunanka, a garin Shehu, abokan cinikinka suna gani.

Na taɓa zama da wani matashi da ya yi irin wannan shafin kan gyaran babur. Muna dubawa tare, sai ga akwatuna baƙaƙe sun jeru, kowane da rubutun cewa bidiyon ba ya nan. Mai tashar da ya fi dogara da ita ne ya rufe tagarsa a dare ɗaya. Babu wanda zai kai ƙara, don ba a zalunce shi ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Amma Alhaji, kana da abin da duk masu bidiyon nan ba su da shi, kuma ina mamakin yadda kai da yaron kuka tsallake shi. Shekara nawa kana Kara? Kai ne za ka damƙi dusa ka murza ka ce an haɗa ta da ɓuntu. Kai ka san bambancin cin Balami da na Uda, ka san watan da harawa ke araha da watan da take tashi, ka san abin da ke kumbura cikin rago in mai shi ya yi gaggawar ɗura masa hatsi. Mutumin da ya sayi raguna uku zai turke don layya, wannan yake nema, da harshensa, daga bakin wanda zai iya zuwa ya samu a rumfa. Yaron ya riƙe waya, kai ka yi magana minti huɗu ko biyar, hannunka cikin buhu. Ya rubuta bayanin a ƙasa da Hausa, da farashin ranar, da lambar shago. Bidiyon wani kuwa, a sa shi jefi-jefi inda ya ƙara haske, da sunan mai shi a fili, da naka sharhin: nan ya yi daidai, nan kuma a zafinmu na Sakkwato ba haka ake yi ba.

A wannan tsarin ribar ba daga Google za ta fara zuwa ba. Daga buhunan da za ka ƙara sayarwa ne, da mai kiwon Gusau ko Birnin Kebbi da zai kira ya ce a ɗoro masa a mota. Bayan haka sai 'yan uwanka 'yan kasuwa, mai sayar da raguna, mai ƙera kwamin abinci, mai motar ɗauko dabbobi, su biya ka kai tsaye da naira ka sa tallansu kusa da kayanka na kanka. Tashar YouTube ɗinku kuma, wadda Hausa ba ta hana ta samun kuɗi, in ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sai ku nemi shiga tsarin rabon kuɗin talla. In lokacin ya zo, yaron ya cike takardar harajin Amurka da za su nuna masa, don in bai cike ba suna iya yanke har kashi 24 cikin 100 na duk abin da aka samu.

Wajen ɗauka, a kula da rediyon maƙwabcin rumfa. Waƙar da ke tashi a bayan muryarka, na'urar YouTube tana iya gane ta, kuɗin bidiyon ya koma wa mai waƙar. Gargaɗin satar fasaha uku cikin kwana 90 kuwa yana rufe tasha ɗungurum. Wanda fuskarsa za ta fito, a nemi yardarsa. Lambobin wayar masu saye da za ku tara amana ce, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a da ta hau kan mai tara su. Batun allura da adadin magani, kada ka faɗa da bakinka. Ka gayyato likitan dabbobi ya faɗa, tunda ga tsangayarsu nan a jami'ar da ɗanka ke karatu, kuma kada a tallata maganin da ba shi da lambar NAFDAC. Rago ɗaya ya mutu a kan maganarka, kai za a zo nema a Kara.

Saura abin da ke raba zumunci. Adireshin shafin da kuɗin ajiyarsa haya ce ta shekara-shekara, in ba a sabunta ba wani zai iya ɗauke sunan. A yi rajistarsa da sunanka ko na kasuwancinka da ke da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar wayarka, haka ma tashar YouTube. Yaron zai gama karatu, zai tafi bautar ƙasa, wataƙila Kuros Riba aka jefa shi. Ku rubuta a takarda ko albashi zai riƙa karɓa ko kaso, mahaifinsa ya shaida. Kuɗin da ya nema kuwa, ka ba shi na data da ɗan makirufo mai maƙalawa a wuyan riga tukuna. Ku yi bidiyo goma a tasha, ku tura wa abokan ciniki ta WhatsApp, ka ƙirga mutum nawa suka zo rumfa suka ce sun gani. Da wannan ƙirgen za ka yanke ko za a biya kuɗin shafi kafin watan layya.